Fasinjojin da Ba Sa Zuwa Darki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da muka ƙaddamar da motar Darki ba, ko da na so in manta, don mutanen tashar Wudil sun ɗau alwashin ba za su bar ni in huta ba. Har yau in na gifta ta ƙofar tasha sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Sakatare, akwai aiki ne? Mu hau mu zauna?" Sai in kara waya a kunne kamar ana kira na, in ƙara sauri.

Bari in faro muku daga tushe. Ni tsara birane na karanta (ba ni na zaɓa ba, shi aka ba ni, amma ku bar wannan a tsakaninmu). Da na gama na dawo gida, kai cike da taswira, aljihu ba ko sisi, sai ƙungiyar ci gaban garinmu ta naɗa ni sakataren kwamitin sufuri. Kujera ce da kowa yake gudu, ni kuwa na rungume ta kamar an ba ni minista. Har hula na sake.

Abin da ya sa na ɗauki aikin da zafi, Gwaggo Hajo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. A Darki take zaune. Duk wata takan shigo Wudil asibiti saboda hawan jini da ciwon gwiwa. Ganin likita ba ya ba ta wuya, komawa gida ce azabar. Sai ta shiga mota a tasha da hantsi, a yi azahar tana nan zaune cikin zafi, domin a wurinmu mota ba ta tashi sai ta cika.

Wanda bai san tasha ba zai ce ai sai ta zaɓi motar da ta kusa cika. To nan ake yin ta! Akwai wasu bayin Allah a tasha, ni 'yan ɗumama kujera nake ce musu. Aikinsu kawai su shiga mota su zauna, jaka a cinya, fuska a murtuke kamar sun gaji da jira. Kai fasinja ka leƙa ka ga saura mutum biyu, ka shiga da murnarka. Kana zama sai ɗaya ya ce bari ya kama ruwa, ya fita, shi ke nan. Wani fasinjan ya shigo, wani ya tuna ya bar saƙo wajen mai shayi. Haka za su yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya har mota ta cika da mutanen gaske, direba ya ba su na goro.

Wata rana na tarar da Gwaggo a cikin irin wannan mota, ƙafafunta sun kumbura, tana fifita da gefen mayafi. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Da aka yi taron kwamiti da shugabannin tasha, na karɓi lasifika na yi ruwa na yi tsaki. Na ce wannan yaudara ce, cin amanar talaka ne, kuma in Allah ya yarda a hannuna sana'ar za ta mutu. Shugaban 'yan ɗumama kujerar, wani siririn dattijo da ake ce wa Garba Kujera, yana sahun gaba yana cin goro. Da na gama ma har tafi ya yi min.

Tsarina mai sauƙi ne: mota guda, mai tashi da agogo. Lokaci na cika ta tashi, ko da mutum ɗaya ne a ciki, ko ba kowa. Ta tsaya a Sabon Gari, ta tsaya ƙofar asibiti, sannan ta miƙa Darki. Muka yi ta yawon neman mai taimako har Allah ya haɗa mu da Alhaji Uba, babban ɗan kasuwar shanu, ya ba mu bas guda. Amma da sharaɗi.

"Sakatare," in ji shi, "ni abu biyu ne ba na so, asara da ƙarya. Zan zo da kaina ranar buɗewa in hau. In na ga mutane suna son ta, na bar muku har abada. In na ga iska take ɗauka, zan sa a cire kujerun ta riƙa kai min dusa kasuwar shanu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin zama ma sai an yi rububi."

Kafin ranar muka yi gwaji na 'yan kwanaki ni da direbanmu, Malam Ado. Jama'a, na ga ikon Allah. Mutum zai zo ya leƙa motarmu, sabon fenti, kujeru masu laushi, ya ga ba kowa, sai ya juya ya nufi wata akwalar da Garba da yaransa suke zaune a ciki. In bi shi ina cewa, "Malam, wannan da agogo take tashi!" ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ranar farko ni da Malam Ado muka je Darki muka dawo muna hira. Rana ta biyu wani tsoho ya shigo ya zauna, muka yi ta jera masa sannu da zuwa, ashe inuwa ya shigo sha.

Ana gobe buɗewa Gwaggo ta shigo ganin likita, ta ce ba za ta koma ba, a gidana na Sabon Gari za ta kwana don ta hau motar ɗanta ranar farko. Har sabuwar atamfa ta zo da ita a ƙunshe. Ta ga na kasa cin tuwo, ta ce, "Kwantar da hankalinka ɗan nan, motarka za ta samu mutane." Na ɗauka addu'a ce irin ta iyaye. Na ce amin, na sa takalmi na fita.

Ina kuka ga na nufa? Kun riga kun sani.

Na sami Garba Kujera bayan la'asar a bencin mai shayi. Na gaishe shi gaisuwar da ban taɓa yi masa ba, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi kasuwa, na sake komawa kan iyali. Yana ta amsawa yana kallo na ta wutsiyar ido.

"Injiniya," ya ce (haka yake kira na in yana son ya ci min fuska), "ka zo kashe sana'ar ne, in kira yara su yi sallama da juna?"

Na ce, "Baba Garba, wata 'yar alfarma ce. Gobe da safe nake so ku cika min mota."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ya kira mai shayi ya ce ya zo ya ji da kunnensa. Sai da ya sa na maimaita, har da tambayar ko a ɗauko min lasifika. Na daure, na yi ta maza, don in na tuna ƙafafun Gwaggo da buhunan dusa a inda ya kamata ta zauna, sai in ga ai wannan ba komai ba ne.

Daga nan ne na kawo ilimina. Ni fa ban yarda da su ba. Tsorona kada su yi halinsu su zare kafin Alhaji ya iso. Don haka na ɗaga yatsa na ce, "Amma da sharaɗi. Kada wanda ya motsa daga kujerarsa. Ko wa ya zo, ko me aka ce, ba mai tashi sai Alhaji ya shiga an tada mota."

Garba ya ce, "Ko wa ya zo?"

Na ce, "Ko wa ya zo."

"Ba haka muke aiki ba fa, Injiniya."

Na ce, "Gobe haka za ku yi."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ne mai karatu."

Washegari da sassafe na iso tasha, na ga abin da ya sa na kusa hawaye don daɗi. Mota ta cika maƙil. Kuma wallahi mutanen nan sun san aikinsu. Wani da buhu, wani da bokiti, wani ya rungume zakara, wani ya naɗa rawani yana jan carbi. Garba da kansa yana bayan direba da wata ƙatuwar jaka a cinya, yana duba agogon da ba ya aiki yana tsaki. Na bar wa Gwaggo saƙo ta taho a hankali, ni kuma na wuce gidan Alhaji don in rako shi. A can na daɗe, domin Alhaji ba ya fita sai ya gama gaisawa da duk wanda ke zaure.

Da muka iso, 'yan kwamiti sun jeru, an ɗaura wa mota ƙyalle a gaba, ga mai ɗaukar hoto. Alhaji ya leƙa ciki, ya ja da baya, ya ce, "Masha Allah! Sakatare, ashe da gaske kake." Ni kuwa baki har kunne, ina cewa, "Ai kaɗan ka gani, ranka ya daɗe, wasu ma haƙuri aka ba su." (Ku riƙe wannan maganar. Ita ce kaɗai gaskiyar da na faɗa a safiyar, kuma ban san gaskiya ba ce.)

Alhaji ya shiga gaba ya zauna, ya juyo yana gaisawa da jama'a. Ya tambayi mai rawani ina zuwa. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Darki, Alhaji, gaisuwar rasuwa." Nan take Alhaji ya ɗaga hannu, mota gaba ɗaya aka yi wa mamacin addu'a, har da ni, ina shafawa ina neman gafarar Allah a zuci. Sai Alhaji ya sake dubawa ya ce, "Ikon Allah, duk maza ne? Matan Darki ba sa tafiya?" Na ce yau dai haka aka tashi. A lokacin ne Gwaggo ta faɗo min a rai, na waiga ban gan ta ba, na ce ƙila gwiwar ce ta hana ta, in an jima na aika a kai ta.

Ƙarfe takwas ta cika. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga hannu kamar mai ba jirgi izini. Malam Ado ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Mota ta ɗauka.

Mai bokiti ne ya fara miƙewa. "Bari in kama ruwa," ya ce, ya raɓa ni ya sauka.

Na ce a raina mutum ɗaya ne, ba komai. Sai mai buhu ya dafa goshi ya ce, "Kash, na bar saƙo wajen mai shayi." Na bayansa ya kara waya a kunne yana cewa, "Na'am? Ta haihu? Ga ni nan!" Mai zakara bai ma nemi hujja ba, zakaran ya saki ta taga ya bi shi. Mai zuwa gaisuwar rasuwa ya tattara babbar rigarsa, ya ce wa Alhaji, "Allah ya ba da lada," ya sauka abinsa. Na baza hannu na tare ƙofa ina raɗa, "Ku koma! Don girman Allah ku koma!" suna bi ta ƙarƙashin hammatata ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, kowa da "gafara dai, Sakatare". Mai hoto kuwa, Allah ya saka masa, bai bar ko ɗaya ya wuce ba.

Garba ne na ƙarshe. Na riƙe hannun rigarsa na ce, "Baba Garba, me ke nan?"

Bai ko rage murya ba. "Kai ka ce sai Alhaji ya shiga an tada mota. Ya shiga, an tada. Mun cika alƙawari."

"Ai Darkin za ku je!"

"Darki?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Mu zama muke yi, Injiniya, ba tafiya ba. Ni mota in ta motsa amai nake." Ya zare hannunsa ya sauka, ya bar min jakarsa a kujera, bakinta a buɗe, tsummokara da kwalaye suna leƙowa.

Tsit. Ba ka jin komai sai ƙugin inji. Gumi ya karyo min tun daga ƙarƙashin sabuwar hular har cikin takalmi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma a cikin mota nake, ko ƙasar ma ban samu ba. Alhaji ya dubi kujerun nan fayau, ya dubi jakar, sannan ya dube ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Malam Ado," ya ce, "ba an ce ko ba kowa tashi take ba? Ja mu je. Ina so in ga yawan buhun da za ta ɗauka."

Muka fita daga tasha mu uku. Na lallaɓa can baya na zauna, ina tunanin yadda zan gaya wa Gwaggo cewa motar ɗanta ta koma ta shanu. Wallahi wannan ya fi kunyar ci min rai.

Ba mu yi nisa ba sai Malam Ado ya rage gudu. A bakin titi, wajen da masu adaidaita sahu suke tsayawa, ga mata nan cincirindo cikin rana, wasu da goyo, wasu da ledar magani, wasu tsofaffi sun zauna a kan kwalbati. A tsakiyarsu, cikin sabuwar atamfa, ta miƙe ƙafa ɗaya tana matsa gwiwa, Gwaggo Hajo ce.

Alhaji ya ce a tsaya. Ya sauke gilashi ya gaishe su, ya tambayi ina zuwa. Suka haɗa baki suka ce Darki. Gwaggo ta dafa wata ta miƙe, ta ƙaraso jikin taga. Ba ta gan ni ba, don na nutse a kujera.

"Alhaji, ai wannan motar muka zo hawa," ta ce. "Ɗana ne ya tsara ta. Jiya a layin asibiti na bi matan garinmu ɗaya bayan ɗaya na ce duk wadda ta kwana a Wudil ta fito da wuri, yau ba zaman jira. To muna zuwa muka tarar ta cika. Na ce ko wani zai taimaka wa tsohuwa da wuri, suka ce sakatare ya hana kowa tashi." Ta yi dariya, irin dariyar nan ta mai alfahari. "Ka ga albarka, Alhaji? Ranar farko, har ni da na raine shi ban samu wuri ba!"

Malam Ado ya buɗe ƙofa. Gwaggo ta ɗago ƙafa da ƙyar ta shigo, ta tsaya, ta dubi dama ta dubi hagu.

"To ina mutanen?"

Alhaji ya nuna baya da babban yatsa ba tare da ya waiwayo ba. "Hajiya, tambayi ɗanki."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan lokacin ba. A gaban matan Darki kaf, ina tsaye a sunkuye don rufin mota, na yi bayani. Na faɗi bencin mai shayi, na faɗi sharaɗin da na kafa. Wata mai goyo ta ce, "Au, su Garba ne? Ai da ka bar su sun yi yadda suka saba, da muna shiga suna fita, da tuni mun cika ta." Mota ta kwashe da dariya. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ba na ce maka motarka za ta samu mutane ba? Ka ɗauka wasa nake?" Wannan ta fi dariyar zafi.

Kafin ka ce kwabo mota ta cika, cikar gaske, da kukan yara da warin man zafi. Gwaggo ta zauna a kujerar Garba. Ni ban samu wuri ba. A tsaye na je Darki, wuya a lanƙwashe, rungume da jakar tsummokara, duk ramin da aka faɗa sai kaina ya gaisa da rufi.

Da muka isa, mata suka yi ta sauka suna sa wa Alhaji albarka. Wata tsohuwa ta dubi rana ta ce rabonta da ta dawo gida kafin a ɗora girkin rana har ta manta. Alhaji ya daɗe yana kallon su. Sannan ya kira ni.

"Sakatare, na ce maka abu biyu ne ba na so. Asarar dai ban gani ba." Ya dubi jakar da ke hannuna. "Ɗayar kuma gwaggonka ta wanke ka. Mota ta zauna. Kujerar bayan direba ta Hajiya ce duk ranar asibitinta. Kai kuma ka mayar wa mutumin nan jakarsa da hannunka, ka gaishe shi."

Na mayar. Garba ya karɓa, ya duba tsummokaransa ko sun cika, ya ce in wani aikin ya taso ƙofa a buɗe take.

Motar tana nan tana aiki har yau, tana tashi da agogo, kuma sau da yawa sai an ba wasu haƙuri. Gwaggo takan ga likita ta koma gida ta yi azahar a ɗakinta. Ni kuma na koyi abu biyu. In za ka yi wa mutane tsari, ka fara yarda cewa za su zo, kuma in tsohuwa ta ce maka za a samu mutane, ka tambaye ta su waye kafin ka ce amin. Na biyun kuwa, in har ƙaddara ta kai ka ga hayar 'yan ɗumama kujera, don Allah ka bar su su yi aikinsu yadda suka iya. Ni da na kawo musu gyara, gwaggona na bari a rana.